Kyaftin Makau, Sojan Doki

Lydia na tsaka da wanke shinkafa a bakin rijiya ta ji muryar Inna Saude, matar maƙwabcinsu, ta bayan katanga.

"Sista, ki zo. Malam ya hwaɗi."

Tsohuwar ba ta ɗaga murya ba, amma yadda ta faɗi maganar ya sa Lydia ta dire ƙwaryar, ta goge hannu da gefen zani, ta zari jakar aikinta ta fita. Katanga ɗaya ce ta raba gidan da take haya da gidan Kyaftin Makau, a wata unguwa ta Gummi da ke gangarawa fadama.

A bakin turke ta same shi, zaune a ƙasa, ya jingina da ginshiƙin rumfa, buroshin goge doki na hannunsa. Dokin, wani tsohon bidi mai dogon wuya, ya sunkuyo yana shinshinar hularsa.

"Ban hwaɗi ba," in ji tsohon, yana haki. "Zama na zo yi, ƙasa ta yi nisa."

"To, Baba. Mu ga ƙafar."

Ta janye wandonsa zuwa gwiwa. Ƙafafun sun kumbura sun yi sumul, ta danna da yatsa, ramin ya daɗe bai cike ba. Ta sa abin sauraro a bayansa ta ji ruwa na motsi a ƙasan huhu. Ba sabon abu ba ne gare ta. Tun bara likita a Sakkwato ya ce zuciyar ta gaji, sai dai a yi ta lallaɓa ta da magani.

Khalilu, ɗansa na uku, wanda shi kaɗai ya rage a gida da iyalinsa, ya shigo da gudu daga shagonsa na walda. Shi da Lydia suka ɗaga tsohon zuwa ɗakinsa, suka jera masa matashi uku a baya don ya samu numfashi.

"Gobe da sahe mu tahi Sakkwato, Baba," in ji Khalilu.

"Na tahi bara. Sun gwada iyakarsu." Ya juya ya dubi Lydia. "Ɗiyata, ke hwaɗa man gaskiya. In na tahi, za su ba ni sabuwar zuciya?"

"A'a, Baba."

"Abin da za su yi man can, kina iya yi nan?"

"Mafi yawansa."

"To shi ke nan. A bar ni inda nike jin haniniyar dokina."

Wannan a farkon daminar 2016 ne, an gama dashen shinkafa a fadama.

Shekara tara ke nan suna maƙwabtaka. Lydia ma'aikaciyar jinya ce, mutuniyar Zonkwa, aiki ya kawo ta Gummi ita da mijinta Samuel, malamin makaranta. Ta san muryar Kyaftin tun kafin ta san fuskarsa. A gida, mahaifinta kan ƙara sautin rediyo idan an ce shugaban wata ƙungiyar tsofaffin sojoji masu rauni ta ƙasa baki ɗaya zai yi magana. Shekara takwas mutumin ya yi a wannan kujera, yau yana Legas gobe yana Maiduguri, yana nema wa guragu ƙafar roba, yana buga ƙofofin ofisoshi saboda matan da mazansu ba su dawo ba. Da aka ce mata gidansa ne a jikin nasu, ta zaci za ta ga motoci da masu gadi. Sai ga wani siririn dattijo mai ɗingishi ya yi sallama da bokiti a hannu, yana tambaya ko rijiyarsu na da ruwa, tasa ta ƙafe kuma doki na jin ƙishi.

Tun daga ranar da ya faɗi, sau biyu take shiga kullum, da safe kafin ta tafi aiki da kuma bayan la'asar. Takan yi masa allurar rage ruwa, ta ba shi ƙwayoyi, ta zauna kaɗan. Zaman nan ne yake jira.

"Shekarata sha tara," ya ce mata wata rana, "anka yi shela cikin kasuwa, yaƙin basasa ya tashi, ana biɗar masu sa kai. Ba wanda yat tilasta ni. Na ɗaura ma dokin babana sirdi, ban yi bankwana da kowa ba, kwana ukku sai ga ni Sakkwato. Na ce ma mai rubuta suna ya rubuta mu mu biyu. Ya dube ni, ya dubi doki, ya ce dokin ya hi ni cika ido, amma ni za su ɗauka."

Lydia ta yi dariya. "Dokin fa?"

"Wani bahwatake yam maido shi gida. Babana bai aiko man da ko gaisuwa ba sai bayan shekara ukku, da na dawo da ƙarhe cikin ƙugu. Ya dube ni, ya ce, 'Ka ci abinci?' Ƙarshen hushin ke nan."

Bayan yaƙi aka gano yana da hannun doki, aka tura shi wata 'yar rundunar dawakai da ke sintiri can kan iyakar gabas, inda mota ke nutsewa a rairayi da rani, ta nutse a taɓo da damina. A can ya zama kofur, ya zama saje, aka tura shi kwas ya dawo hafsa. Dawakai talatin da biyu ne a hannunsa, kuma har yanzu yana iya jero sunayensu ba gargada. Yakan rufe ido ya fara, Ɗan Sambo, Akawal, Mai Tozo, Ba-ka-jira, yana faɗin wanda ke tsoron ruwa da wanda ke cizon kurata.

"Ki ji shi," in ji Inna Saude daga bakin ƙofa, tana tankaɗe. "Jikokinshi sai na tuna mishi sunansu. Dawakin da sunka mutu tun ba a haihe ki ba, ko ɗaya bai mance ba."

"Su ba su canza man suna da na makaranta ba," ya ce.

Lydia ta tambaye shi ko a soja ya koyi hawa. Ya girgiza kai.

"Soja sun koya man zama bisa sirdi awa sanda. Hawa kam Hammadu yak koya man, muna yara, ba sirdi ba linzami, a bakin gulbi. Sai mu kora dawakin mutane cikin ruwa mu kama wutsiya su ja mu har ƙetare."

Daga nan ya juya fuska wajen bango.

Lydia ta san Hammadu. Wani dogon tsohon Bafulatani ne da rugarsa ke gabas da gari, ta hanyar Bukkuyum. Duk ranar kasuwa yakan zo da damin ciyawa a kan jaki da ƙwaryar nono, su wuni a zaure shi da Kyaftin suna gardama a kan abubuwan da suka wuce shekara sittin. Shi ya ba Kyaftin wannan bidin tun yana ɗan duƙushi. Amma wata biyu ke nan ba a gan shi ba.

Dalili kuwa kowa ya sani. Kafin saukar ruwan fari, ɓarayin shanu suka faɗa wani ƙauye ta wajen Bukkuyum, suka kore garke, suka harbe mutum biyu. Ɗaya daga ciki Lirwanu ne, wan matar Khalilu, kuma amininsa tun suna makarantar allo. Ranar kasuwa ta gaba wasu samari suka tare Fulani a bakin gari, aka fasa ƙoren nono, aka karya wa ɗan Hammadu hannu. Tun ranar babu Bafulatanin da ya sake shigowa kasuwa. Samarin unguwa kuma suka haɗa ƙungiyar sa-kai, da bindigogin toka da adduna, Khalilu na cikin manyansu.

Wata la'asar Lydia na ɗaure jakarta Khalilu ya yi sallama, shi da mutum uku. Suka durƙusa suka gaida tsohon. Ta miƙe za ta fita, Kyaftin ya ɗaga hannu.

"Zamna, ɗiyata. Ba asiri za a yi ba."

Khalilu ya ce sun zo neman albarka. Suna son a ce Kyaftin ne uban ƙungiya, ko bai fita ba sunansa ya isa. Suna kuma son ya nuna musu yadda ake shiga daji a bi sawu, domin sun ji labarin inda shanun suka bi.

"Ina sunka bi?"

"Ta gabas, Baba. Ta wajen rugage."

Tsohon ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, ƙirjinsa na hawa da sauka.

"Ina da wani saje," ya ce, "Ezra, mutumin Zuru. Shekara goma sha ɗaya muna tare. In muna tahiya shina gaba shina waƙoƙin cocinsu da Hausa, har Musulmin cikinmu sun iya amshi. Wata rana da hantsi 'yan hwashi sunka yi muna kwanto a wani kwari, harsashi na hwarko shi yas samu. Mun aza shi bisa dokinshi, munka bi sawu. Sawu ya kai mu wani zangon makiyaya, bukka kamar goma sha biyar. Yarana sunka sauka, wani har ya ƙyasta ashana."

Ya tsaya ya nemi ruwa. Lydia ta ba shi, ya kurɓa kaɗan.

"Ni ma so nike a ƙone. Ku ji da kyau, ban hi su haƙuri ba. Jinin Ezra na ga rigata. Amma ni ad da tauraro ga kahwaɗa. Na gitta dokina bakin zangon, na ce wanda za ya shiga ya bi ta kaina. Nan munka tsaya cikin rana har inuwa ta juya, ba mai ce ma wani komi. Da hankali ya dawo, na aika mutum biyu su zagaya bayan zangon. Sawun ya hita ta baya ya yi arewa. Ratsawa sunka yi da gangan, don mu tsaya mu ƙone talakawa su samu nisa."

"Kun kama su?" in ji ɗaya daga cikin samarin.

"Ba mu kama su ba."

"To ka gani, Baba," in ji Khalilu. "Lirwanu ya bar ɗiya huɗu. Mu zamna mu naɗe hannu?"

"Ban ce ku zamna ba. Ku tsare gari, ku tsare gonaki, wanga wajibi ne. Amma ku hwaɗa man, cikinku wa za ya gitta doki?"

Ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Randa kunka samu mai yin haka, ku zo ku ɗauki sunana. Kahin nan ku bar man abina."

Suka fita. Khalilu ne na ƙarshe, bai waiwayo ba.

Kwana biyu bayan haka allurar ta fara daina aiki. Kumburin ya haura cinya, tsohon ba ya iya kwanciya sai zaune. Da safe Lydia na shirin tafiya ya riƙe bakin jakarta.

"An ce gobe kuna hita riga-kahi."

"E, Baba."

"Har rugage?"

"Har can. Mu ba a hana mu shiga."

"Ki gaya ma Hammadu na ɗaure kaya. In shina da magana da ni, ya zo."

Samuel bai so ba. Ya ce ita baƙuwa ce a garin nan, aikinta allura, kada ta sa kanta tsakanin mutanen da ke da jini a tsakaninsu. Ta ce ta ji, kuma gaskiyarsa ne, amma shekara tara mutumin nan bai taɓa roƙonta komai ba sai ruwan doki. Da safe Samuel ɗin ne ya duba mata iskar tayar babur.

Ta isa rugar Hammadu wajen azahar, akwatin maganin riga-kafi a bayan babur. Ciyawa ta yi kore shar, shanu na kwance nesa kaɗan. Mata suka fito da yara, ta ɗiga musu magani, ta shafa musu alama a yatsa. Hammadu na zaune ƙarƙashin wata kirya yana tufka igiya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta isar da saƙo kamar yadda aka ba ta.

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar.

"Kwana nawa, Sista?"

"Allah ne masani, Baba. Amma in ni ce, ba zan bari ranar kasuwa ta wuce ba."

Ya dubi wata bukka inda ɗansa, wani magidanci, ke zaune da hannu ɗaure a karare.

"Ba tsoron mutuwa nike ba, na tsuhwa. Amma in na shiga gari wani yaro ya taɓa ni, ɗiyana ba su haƙura karo na biyu. Na riƙe su da ƙyar. In sun tashi, su ma a zo a tashe mu, shi ke nan wuta ta kama. Kin gane?"

"Na gane."

"Sai dai in ɗan gida ya shigo da ni. Khalilu, ga hannuna anka yi mishi aski ranar suna. In shi yaz zo, ina biyo shi. In bai zo ba, ki ce ma abokina na yahe mishi, shi ma ya yahe man."

Da ta dawo ta faɗa wa Kyaftin. Ya saurara ido rufe.

"In kira Khalilu, Baba?"

"A'a. In na ba shi umurni za ya tahi, don ni ubanshi ne. Hammadu kuwa za ya gani ga huskarshi. Bar shi."

Lydia ta fita. Maimakon ta shiga gida sai ta miƙe zuwa shagon walda a bakin titi. Khalilu na tsugune yana haɗa ƙyauren ƙarfe. Ya kashe wutar, ya ture tabarau zuwa goshi.

"Lahiya, Sista?"

"Khalilu, ba aiko ni aka yi ba, hasali ma an hana ni. Baba ba zai kai mako ba. Ruwa ya cika masa huhu, abin da nake yi yanzu rage masa wahala ne kawai. Ban faɗa wa Inna ba tukuna."

Ya zauna a kan wani tsohon gwangwani.

"Abu ɗaya ya roƙa," ta ce, "ya ga Hammadu. Hammadu ya ce ba zai shigo ba sai kai ka je ka zo da shi."

"Ni?" Ya yi murmushin da ba na daɗi ba. "Kin san abin da za a ce? Matata na ɗaki tana kukan wanta, ni in bi ta kasuwa da Bahillace."

"Na sani. Ni na wanke raunin Lirwanu da aka kawo shi, ban manta ba. Ni kuma na ɗora hannun ɗan Hammadu." Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Ban zo in ce ka yi ko kada ka yi ba. Na ga bai kamata a binne shi sannan ka ji labari ba."

Ta tafi ta bar shi a zaune.

Washegari ranar kasuwa ce. Da ta shiga da safe turken babu doki. Inna Saude ta tare ta a tsakar gida, ta yi ƙasa da murya.

"Tun da anka sallame asuba Khalilu ya ɗaura sirdi ya ja shi ya hita. Bai ce man komi ba."

Lydia ba ta je aiki ba ranar, ta aika a ce tana jinyar maƙwabcinta. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ta ji unguwar ta yi wani irin shiru, ta leƙa ta ƙofar zaure. Daga can bakin titin kasuwa, inda masu buhunan shinkafa da masu kifi suka cika hanya, mutane na darewa gefe biyu. Hammadu ne a kan bidin, da malafarsa da sandarsa a gicciye kan cinya, ya miƙe zam kamar ba tsoho ba. Khalilu na ƙasa, riƙe da linzami, yana tafiya a hankali, ƙafafunsa duk taɓo. Akwai hanyar bayan gari da ta fi kusa, bai bi ta ba. A bakin wani shagon shayi abokansa na ƙungiya suna zaune. Ɗaya ya miƙe ya kira sunansa. Khalilu ya yi musu sallama kamar kullum, ya wuce.

A ƙofar gida ya riƙe likkafa, tsohon ya sauka.

Hammadu ya tsaya a bakin ɗaki ya daɗe yana kallon abokinsa.

"Ka yi ƙiba, soja."

"Ruwa ne. Na shanye gulbin da kah hana ni nutsewa ciki." Kyaftin ya miƙa hannu. "Ya tahiyar dokina?"

"Ka lalata shi da dusa. Sau biyu yana tsayawa ya huta."

"Kai ka yi nauyi."

Hammadu ya zauna a bakin gado, ya riƙe hannun, bai sake shi ba. Lydia ta ja labule ta koma tsakar gida wajen Inna Saude. Daga can suna jiyo su, rabi Hausa rabi Fulatanci, suna gardama a kan ko dokin Sarkin Ruwa ne ya ja su ƙetare a shekarar babbar ambaliya ko na limamin gari. Wani lokaci sai tari ya katse dariyar, a yi shiru, a sake ɗauka. A nan Lydia ta faɗa wa tsohuwar abin da ta faɗa wa ɗanta. Inna Saude ta gyaɗa kai.

"Na sani, ɗiyata. Shekara arba'in da huɗu nike jin numfashin mutumin ga."

Da la'asar Kyaftin ya sa aka kira Khalilu. Ya ce doki na Hammadu ne, daga hannunsa ya fito, can zai koma ya ci ɗanyar ciyawa. Sannan ya dubi ƙafafun ɗansa da taɓo ya bushe a kansu.

"Da ƙasa ka tahi, da ƙasa ka dawo?"

"E, Baba."

"Tahi ka wanke, ka ci abinci."

Hammadu ya kwana a zaure. Washegari da hantsi, rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan bargo, numfashin tsohon ya fara yin nisa da juna. Lydia ta saurari ƙirjinsa, ta naɗe abin sauraron ta mayar jaka, ta dubi Khalilu. Ya gane. Ya matso kusa da kunnen mahaifinsa yana maimaita kalmar shahada a hankali. Hammadu na riƙe da hannu ɗaya, Inna Saude na zaune wajen ƙafafu. Leɓen tsohon ya motsa sau biyu tare da na ɗansa. Bayan ɗan lokaci Hammadu ya sa tafin hannu ya shafe masa ido.

Kafin la'asar an kai shi. Samuel ya bi su har maƙabarta, ya dawo ya ce Hammadu ya tsaya a sahun gaba, kuma babu wanda ya ce masa komai. Da yamma Khalilu ya raka shi har ruga, da dokin. Bai bar ƙungiya ba, yana fita sintiri yadda ya saba. Amma Lydia ta ji a bakin matarsa cewa tafiyar da aka shirya zuwa rugagen gabas an ɗage ta, kuma an yi cacar baki a kai.

Ranar addu'ar uku, bayan an watse, wata tsohuwar bas ta tsaya a bakin lungu. Dattawa biyar suka fito da ƙyar, kowanne da baƙar hular soja da ta koɗe. Ɗaya na da ƙafar roba, ɗaya hannun rigarsa na dama a naɗe yake an soke da fil. A rediyo suka ji, suka haɗu a Kaduna, mota ta lalace musu a hanya. Babbansu, wani mai suna David daga Binuwai, ya yi wa Khalilu gaisuwa, sannan ya tambaya wa ya yi jinyarsa. Aka kira Lydia.

"Ya sha wahala, 'yata?"

"Kaɗan, Baba. Yana cikin mutanensa. Ana gobe zai rasu ma dariya yake yi."

"To, madalla."

Ya juya ya yi wa sauran magana. Suka jera a cikin lungu suna fuskantar ƙofar zaure, layin a karkace, mai ƙafar roba na dogara da kafaɗar na kusa da shi. David ya ba da umurni da muryar da ta dushe. Suka ƙame, suka sara, mai hannu ɗaya ya sara da hagu. Masu wucewa suka tsaya. Suna nan a haka har hannuwansu suka fara rawa, sannan suka sauke.

Khalilu ya shimfiɗa musu tabarma a inuwar katanga. Inna Saude ta aiko da tuwon shinkafa da miyar kifi, Lydia ta ɗauko buta da kwano. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana zuba musu ruwa. Da ta zo kan mai hannu ɗaya, David ya ajiye hularsa a gwiwa, ya kama hannun abokinsa cikin nasa biyu, ya wanke masa.